Kafin ka yi wa lemunka feshi

Duk mai 'yan bishiyoyin lemu a bayan gida ko a lambu, daga fadamun Gummi har Anka da Bukkuyum, ya san wani babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗige-ɗigen ruwan ɗorawa da ke shawagi kan sabon toho. Masana na kiransa Papilio demodocus. Macen kan ajiye ƙwai ɗai-ɗai a kan ɗanyen ganye, bayan 'yan kwanaki tsutsa ta fito.

Tana ƙarama, baƙa ce da ratsin fari, sak kashin tsuntsu, shi ya sa tsuntsaye ke wuce ta. In ta girma sai ta koma koriya. Ka taɓa ta, ta zaro wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, wari ya tashi. Barazana ce kawai, ba ta cizo, ba ta harbi.

Ɓarnarta ta gaske a kan dashe take, don tsutsa kaɗan na iya tsige ƙaramin lemu tas. Babbar bishiya kuwa ko a jikinta. Amma sai ka ga mutum ya ɗauko fiya-fiya ya kwarara a tanki ba awo, ba takunkumi, ya feshe bishiyar da yara ke wasa a gindinta. Ƙudan zuma ya mutu, haka ƙwarin da ke cinye tsutsar a kyauta. Mutanen Bagega da 'Yargalma, da gubar dalma ta ɗauke musu yara a 2010, ba sa buƙatar a yi musu bayanin guba a tsakar gida.

Malam-buɗe-littafin namu yana da yawa har yanzu, amma danginsa ba duka ba. A tsibirin Jamaika akwai Papilio homerus, mafi girman irinsu a nahiyoyin Amurka. Tsutsarsa itatuwa ƙalilan take ci, da aka sare dazuzzuka sai ya maƙale a yankunan tsauni biyu, har aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Mai dashe ya riƙa zagayawa da safe yana duba toho, ya tsince tsutsa da hannu, ya murje ƙwan. In abin ya fi ƙarfin hannu, a nemi malamin gona ya faɗi magani da awonsa, a yi feshin da yamma bayan zuma ta koma amya, kuma kada galan ɗin maganin ya koma na ɗebo ruwan sha.