Mdou Moctar: gitar Azawak da faifan da aka yi a baƙunci

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wanda ya taɓa cin kasuwar Abalak ko ta Tawa ya san wannan kiɗa. Ana jin shi wurin mai shayi. Ana jin shi cikin motar kasuwa. Yaro mai kiwo ma yana da shi cikin salula, yana bin bisashe yana saurare. Kiɗan gita ne na Abzinawa. A wannan wata za mu ba ku labarin wata ƙungiya ta masu wannan kiɗa, da faifai biyu da ta fitar, ɗaya a 2024, ɗaya a 2025. Sunan ƙungiyar Mdou Moctar. Sunan shugabanta ne ta ɗauka. Ku karanta shi Emdu Muktar.

Sunansa na yanka Mahamadu Sulaiman. Ɗan Azawak ne, cikin jihar Tawa, ƙasar Abalak da Cintabaraden. Gidansu gidan addini ne, ba su son ɗansu ya zama makaɗi. Babu wanda zai saya masa gita. Sai ya samu katako ya sassaƙa da kansa. Ya ciro wayar birkin keke, ya ɗaura ta a madadin tsirkiya. Da wannan ya koya, a ɓoye. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa har yau.

Inda kiɗan ya fito

Tsofaffinmu ba su manta da farin 1973 da 1974 ba. Ba su manta da na 1984 ba. Shanu da raƙuma sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe. Samarin Abzinawa da yawa sun rasa abin kiwo, suka nufi Aljeriya da Libiya neman aiki. A can aka riƙa kiransu ishumar. Kalmar ta fito daga Faransanci, ma'anarta marasa aikin yi. A can kuma suka haɗu da gita. Suka ɗauki sautin tende, gangar nan ta turmi da matansu ke kaɗawa, da salon waƙar gida, suka ɗora a kan gita. Abin da suke waƙa a kai shi ne kewar gida. Da harshensu suna ce mata asuf.

Ƙungiyar Tinariwen ta mutanen arewacin Mali ita ce ta fara yin suna. A nan Nijar kuwa akwai Abdallah Umbadugu, wanda ya rasu a 2020. Kasetocinsa sun yi yawo hannu da hannu cikin shekarun 1990. Shi Mdou ya gani yana wasa lokacin da yake yaro, shi ya sa ya koma gida ya nemi katako.

Da Turawa suka ji wannan kiɗa sai suka sa masa suna bulus na hamada. To mene ne bulus? Kiɗa ne na baƙar fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Sun yi noman auduga a gonakin wasu, musamman wajen kogin Misisipi. Mutum guda da gitarsa yana faɗin wahalarsa, kamar yadda mai gurmi ko mai kuntigi yake yi a nan. Daga baya aka jona gitar da wutar lantarki, aka ƙara ganguna, ƙara ta yi yawa. Wannan shi ake ce wa rok. Kiɗan Mdou ya ɗebo daga duka biyu, amma gindinsa yana Azawak. Mu ba mu san shi da sunan bulus ba. Gita kawai muke cewa.

Daga Sakkwato zuwa cikin salula

Shi ma Mdou ya yi zaman Libiya yana neman abin kansa. Da ya dawo, a 2008, ya ƙetara Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, mai suna Anar. A lokacin waƙoƙin fim ɗin Hausa sun cika ko'ina, da injin nan mai sa murya ta riƙa rawa. Ya yi amfani da shi a waƙar Tamajak. Faifan bai shiga kanti ba. Cikin salula ya bazu. Wannan ya tura wa wancan, direba ya kai gari na gaba, ɗan cin rani ya ƙetara da shi iyaka.

Haka waƙarsa ta isa Kidal, a arewacin Mali. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley yana can a 2010, yana tattara waƙoƙin da mutane ke ajiyewa cikin salula. Ya ji wata mai suna Tahoultine, ba ya ma san mai ita ba. Ya sa ta cikin wani faifai da ya fitar a Amurka. Ya yi ta cigiya har ya samu mai waƙar, ya zo Nijar, ya kawo masa gita irin ta bahagwai.

A nan ya kamata mu bayyana wani abu. A ƙasashen Turawa akwai manyan kamfanoni masu sayar da waƙa. Su ke ba makaɗi kuɗi, su ke kuma faɗa masa irin waƙar da kasuwa ke so. Akwai kuma ƙananan kamfanoni masu zaman kansu. Kuɗinsu kaɗan ne, amma makaɗi yana faɗin abin da ke ransa. Wannan ƙungiya ta hanya ta biyu ta bi. Ta fara da ƙaramin kamfanin Kirkley, mai suna Sahel Sounds, a garin Portland. Daga 2020 ta koma wani kamfani mai zaman kansa na birnin Niyok, ana ce masa Matador. Babu gwamnatin da ke ɗaukar nauyinta. Babu kuma sarki ko attajiri da take yi wa kirari. Manomin da ya taɓa cin bashin ɗan kasuwa kafin kaka ya san bambancin mai sayar da hatsinsa da kansa da wanda aka riga aka yi wa farashi.

Mutum huɗu ne suka yi faifan da muke magana a kai. Mdou shi ke waƙa, shi ke riƙe da gitar gaba. Ahmudu Madasan yana riƙe da gita ta biyu, wadda ke tsare tafiyar kiɗa. Sulaiman Ibrahim shi ke ganguna. Na huɗun Ba'amurke ne, Mikey Coltun, mai gita mai kaurin murya. Shi ne kuma ke kula da ɗaukar sauti. Ya sha zuwa Nijar, ya sauka Yamai, ya shiga motar safa ya yi kwana da wuni a hanya kafin ya iske abokansa.

Faifan fushi

A ƙarshen 2022 su huɗun suka shiga wani gida kusan babu kaya a ciki, a karkarar jihar Niyok. Kwana 5 suka yi suna aiki. Faifan ya fito ranar 3 ga Mayu 2024, da waƙoƙi 9. Sunansa Funeral for Justice, wato jana'izar adalci.

Wanda bai saba ba, in ya kunna shi, zai ce hadari ne ya taso da iska. Ganguna suna gudu kamar raƙuman sukuwa. Gitar Mdou tana kuka, tana hawa, tana sauka. A cikin waƙoƙin yana tuhumar shugabannin Afirka da suka bar talakawansu. Akwai wata mai suna Oh France, inda yake tuhumar Faransa. Mdou ya san Arlit. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a can. A da an yi ta kai wa Faransa, tana samun lantarki da shi, alhali ƙauyukanmu da yawa suna kwana cikin duhu. Ku lura da lokaci. An ɗauki wannan waƙa a ƙarshen 2022. Sojojin Faransa ba su gama barin Nijar ba sai Disamba 2023.

Hanyar gida ta rufe

Cikin damanar 2023 ƙungiyar tana Amurka tana yawon wasa gari gari. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Aka rufe iyakoki. Ƙasashen CEDEAO suka sa takunkumi. Jiragen sama suka daina sauka. Ƴan Nijar ukun nan suka tsinci kansu a ƙasar mutane, iyalansu suna gida, ana ta maganar yaƙi a rediyo. Masu son kiɗansu suka yi karo-karo ta intanet don su samu wurin kwana da abinci.

Wanda ya taɓa zuwa cin rani hanya ta rufe masa ya san wannan zama. Jiki yana nan, hankali yana gida. Ka ci abinci ba ka ji daɗinsa ba. Kullum kunne yana kan salula.

Da ma suna da niyyar su sake ɗaukar waƙoƙin nan da gitar katako, ba tare da lantarki ba. Tun da gida ya gagara, sai suka shiga wani ɗakin ɗaukar sauti a unguwar Buruklin ta birnin Niyok. Suka zauna ɗaki guda, suna kallon juna, kamar masu jiran shayi. Kwana 2 suka gama. Bayan kamar wata guda hanya ta buɗe, suka dawo gida. Coltun ya ba Ahmudu wani ɗan injin ɗaukar murya da ke shiga aljihu. Ahmudu ya tara wasu Abzinawa suka yi amshi, ya ɗauka, ya aika, aka haɗa da abin da aka yi a Buruklin. Saboda haka in kun ji amshi cikin faifan, muryoyin gida ne.

Wannan faifai ya fito ranar 28 ga Fabrairu 2025. Sunansa Tears of Injustice, wato hawayen zalunci. Waƙoƙin su ne na faifan farko, amma kamar ba su ba. Fushin ya kwanta, sai baƙin ciki. Ana jin yatsa yana taɓa tsirkiya. Ana jin kowace kalma. A ganinmu, ga kunnen mutumin karkara, wannan na biyun ya fi shiga rai. Na farkon na fili ne, na samari da ƙura da lasifika. Na biyun na dare ne, bayan an ɗaure bisashe.

Waƙar harshe

Akwai waƙa guda da za mu daɗe a kanta. Sunanta Imouhar, ɗaya daga cikin sunayen da Abzinawa ke kiran kansu. A faifan farko tana farawa can ƙasa-ƙasa, kamar daga salular wani, kafin ta fashe. A na biyu ta kai minti 8. Dalili kuwa, Mdou ya kai ƙarshen waƙar bai tsaya ba, ya sake komawa farko. Masu aikin ba su samu inda za su yanka ba, suka bar ta haka.

Cikin wannan waƙa yana kiran mutanensa su riƙe harshensu na Tamajak. Yana ganin yara suna tasowa a birni suna barin shi. Abzinawa suna da rubutunsu na kansu tun kaka da kakanni, ana ce masa Tifinag. Baƙaƙensa ɗigo ne da da'ira da layi. Ana ganin shi a jikin duwatsun Abzin. A da uwaye mata ke koya wa ɗiyansu shi, suna zanawa da yatsa a cikin rairayi. Yau masu iya rubuta shi sun ragu. Mdou yana cikin waɗanda suka iya.

Mutane da yawa in sun ji haka sai su ce laifin Faransanci ne da lakkol. Akwai gaskiya a ciki. Amma mu faɗa wa kanmu sauran gaskiyar. A kasuwar Agadas, da Arlit, da Abalak, harshen da yaron Ba'abzine ke komawa gare shi in ya bar nasa, sau da yawa Hausa ce. Ba da mugunta ba, ciniki da maƙwabtaka da aure suka kawo haka. A watan Maris 2025, wata guda bayan fitowar wannan faifai, sabuwar dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta lissafa Tamajak da Fulatanci da Zabarmanci da Barbarci da sauransu cikin harsunan da ake magana da su a Nijar. Bahaushe ya ji daɗi, kuma ya cancanta ya ji. Sai dai ku da kuke karanta wannan jarida kun san zafin a ce harshen mutum bai isa a rubuta shi ba. Jiya jiya aka daina faɗa muku haka. Makiyayin da kuke haɗuwa da shi bakin rijiya, shi har yanzu yana cikin wannan fargaba. Abin da waƙar ke faɗi ke nan, ko da ba ku ji kalmominta ba. Ba duka ne baƙo ba ma: wata waƙar cikin faifan sunanta Takoba, kowane Bahaushe ya gane takobi.

Muna da ƙorafi guda. Faifan da ke kiran mutane su riƙe harshensu, sunansa da Ingilishi aka rubuta. Haka na farko, haka na biyu. Mun san dalili: masu sayen faifan suna Amurka da Turai. A nan gida kuwa kwafa muke yi daga salula zuwa salula, ko dala ba ta shiga aljihun makaɗi. Ta wannan hanya aka san shi tun farko, shi ma ba zai ƙi ta ba. Duk da haka da an sa sunan da Tifinag babba a sama, Ingilishi ƙarami a ƙasa, da ya fi dacewa da maganar da ke ciki.

Kuɗin da ke shigowa daga wasan waje kuwa, wani kashi yana dawowa ƙasa. An san Mdou da biyan kuɗin gina rijiyoyi a ƙauyukan da ruwa ke wuya. A Azawak ruwa yana da nisa ƙwarai. Akwai rijiyar da sai an ɗaura igiya ga raƙumi ko jakai, su yi tafiya mai tsawo, kafin wasa ta fito baki. In ya dawo gida kuma yakan yi wasa a wurin biki da filin gari, kamar da. A shimfiɗa tabarma, a tada injin wuta, a jona lasifika. Samari su zo da babura su kewaye wurin, su haska fitilunsu.