Rumbu, suri da sheƙa: yadda ake ɗaukar hoton ginin karkara

A yau da wuya a shiga ƙauye a Nijar, Kamaru ko Chadi ba a tarar da matashi mai wayar salula da ke ɗaukar hoto ba. Galibin hotunan na biki ne, ko na suna, ko na kasuwa. Ginin da ke bayan mutanen, wato rumbu da soro da katangar ƙasa, ba kasafai ake kula da shi ba, alhali shi ne ya fi saurin ɓacewa. Ginin laka yana rayuwa ne da yaɓe. Idan aka yi damina biyu ko uku ba a taɓa shi ba sai ya fara zubewa, kuma siminti da kwano suna ta maye gurbinsa. A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19. Idan haka ta sami gini mai suna a tsakiyar gari, rumbun ƙauye kuwa ba mai ba da labarin faɗuwarsa.

Misalin ƙasar Musgum, a bakin kogin Logon tsakanin Kamaru da Chadi, ya isa darasi. Mutanen wurin sun shahara da ɗakin da suke kira tolek, mai siffar ƙwai, wanda tsawonsa kan kai mita 9, da laka zalla, ba azara ba ginshiƙi. A 1926 marubucin Faransa André Gide ya ratsa yankin tare da Marc Allégret, wanda ya ɗauki hotuna da fim. Bayan wasu gomman shekaru irin wannan ɗaki ya kusa ƙarewa, har sai da aka sake gina wasu a Murla, kusa da Fus, a shekarun 1990. Tsofaffin hotunan na cikin abin da ya rage da ke nuna yadda ƙauyukan suke a da. Amma baƙo ne ya ɗauke su, kuma a Turai aka adana su. Yanzu kayan aikin yana aljihun ƴan gida.

Hoton da zai yi amfani nan gaba shi ne wanda ya nuna yadda ginin ke aiki. Kyan gani kaɗai bai isa ba. Tudun-tudun da ke jikin tolek, alal misali, ana iya ɗaukar su ado, amma matakala ne da magini ke takawa ya hau sama don yaɓe, kuma suna rarraba ruwan sama kada ya ci bango a wuri guda. Haka rumbunan ƙasar Adar, a jihar Tawa. An ɗora su bisa duwatsu don danshi da gara kada su kai ga hatsi, bakinsu yana sama don ɓera da akuya, an kuma kifa musu jinka kamar malafa don kare laka daga ruwa. Wanda ya ɗauki cikin rumbun kawai, ya yanke duwatsun ƙasa da jinkar sama, ya bar rabin bayanin a baya.

Shi ya sa gini guda yake bukatar hoto huɗu aƙalla. Na farko daga nesa, a ga inda yake zaune tsakanin gidaje, gonaki da itatuwa. Na biyu gaba ɗayansa, tare da mutum ko sanda a gefe don a gane girmansa. Na uku daga kusa, a ga sawun yatsun mai yaɓe, bakin ƙofa, indararo ko zanko. Na huɗu, wanda ya fi wuyar samu, shi ne magini a bakin aiki: kwaɓa ƙasa da ciyawa, murza tubali, jera shi. Wannan sai da rani, lokacin da aka gama aikin gona.

Haske ma yana da nasa lokaci. Da tsakar rana bangon ƙasa yakan fito fari fat, ba a ganin komai a jikinsa. Da hantsi ko bayan la'asar rana na dukan bango ta gefe, kowane zane yana fitar da inuwarsa. A lokacin hunturu hazo yana dushe abin da ke nesa, don haka gara a matsa kusa, a kuma goge gilashin kyamarar wayar kafin a ɗauka.

Ba mutum ne kaɗai magini a karkara ba. Suri, wanda gara ke ginawa da ƙasa da yawunta, yakan fi mutum tsawo. Garar da ke irin wannan babban suri tana zaune ne a gindinsa da ƙarƙashin ƙasa, inda take noman wani naman gwari da take ci. Tudun da ake gani a sama cike yake da hanyoyin iska, kuma bambancin zafin rana da sanyin dare ne ke juya iskar a ciki. Daga wannan dabara maginin Zimbabuwe Mick Pearce ya ɗauki darasi wajen tsara ginin Eastgate a Harare, wanda aka buɗe a 1996. Lokacin da ya fi dacewa da hoton suri shi ne safiyar da ta biyo bayan ruwan sama, domin sabon ginin dare yana fitowa da duhun danshi a kan tsohon. A farkon damina kuma ana iya dacewa da fitar shinge.

Kabare ma da damina yake saƙa. Namijin ne ke yanko ɗanyar ciyawa ya ƙulla sheƙa a ƙarshen reshe, bakinta na kallon ƙasa. Koriyar sheƙa sabuwa ce, wadda ta bushe ta tsufa. Shamuwa kan dawo ta yi sheƙar ƙirare a kan itatuwan cikin gari gab da saukar ruwa. Zanzaro kuwa a kusurwar ɗaki yake jera ƴan tukwanensa na laka. Hoton da ya haɗa rumbu da suri a fili guda yana nuna magina biyu da ke aiki da ƙasa ɗaya, kuma ɗayan yana gini ne yana tsaron ɗayan.

Akwai ladabin da ba a tsallakewa. Rumbu asirin gida ne, cikarsa ko rashinta na nuna halin da iyali ke ciki, don haka ba a ɗauka sai da izinin mai gida. Baƙo ya fara gaida mai gari, kuma kada ya wuce zaure sai an ce ya shiga. Ba a fasa suri don a ga cikinsa, ba a zura hannu a ramin tsohon suri, domin maciji na fakewa a nan. Ba a girgiza reshe don tsuntsu ya tashi. A yankunan iyaka da ke fama da rashin tsaro, a nisanci shingen sojoji da gadoji, a kuma yi tunani kafin a wallafa sunan ƙauye tare da hoton rumbunansa cike da hatsi.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. Kowane hoto a haɗa shi da sunan wuri, ranar da aka ɗauka, sunan ginin a harshen masu shi, da sunan wanda ya gina idan ya yarda. Masallacin Yama, a jihar Tawa, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, kuma an san magininsa, Falke Barmu, wanda ya fara aikin a 1962. Dubban magina irinsa sun shuɗe ba a rubuta sunansu ba. A kuma tuna cewa WhatsApp yana rage ingancin hoto idan ba a tura shi a matsayin fayil ba, kuma waya na iya ɓata ko ta lalace. A ajiye kwafi a wuri na biyu, a wanke kaɗan a takarda a kai wa masu gidan da makarantar garin.