Ƙwayar Cutar Bairas da Rushewar Dalar Gyada

A shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyada, kuma dalar gyada ta Kano ita ce shaidar wannan arziki. Fari na 1972 zuwa 1973 ya raunana noman, hankalin hukuma kuma ya koma kan man fetur, sannan a 1975 annobar kuturun gyada ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa, hasarar da aka ƙiyasta ta kai dalar Amurka miliyan 250. Abin da ya haddasa wannan ɓarna wata ƙwayar cuta ce da ake kira bairas.

Bairas ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba shi da komai sai ɗan zaren gado da rigar furotin, ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya kuma hayayyafa sai ya shiga ƙwayar halittar mutum, ko dabba, ko tsiro, ya mai da ita masana'antar buga irinsa. Shi ya sa magungunan kashe bakteriya ba sa yi masa komai. A ganyen taba aka fara gano shi, sakamakon binciken Ibanobski na Rasha a 1892 da Bayarink na Holan a 1898. Game da asalinsa, wasu masana suna ganin ɓurɓushin gado ne da ya ɓalle daga ƙwayoyin halitta, wasu kuma suna ganin ya girme su.

An fara ba da rahoton kuturun gyada a Tanganyika a 1907. Ba ta bin iri. Darɓa ce take ɗaukar ta daga tsiro zuwa tsiro yayin shan ruwan ganye. Gyadar da ta kamu tun tana ƙarama takan tsumbure, ganyenta ya yi rawaya ko ya murɗe, kuma da wuya ta yi 'ya'ya.

Tun da ba a warkar da tsiron da ya kamu, riga-kafi shi ne jarin manomi: shuka da wuri, da cika gona ba tare da barin sarari ba, domin darɓa ta fi sauka inda shuka ta yi tazara, da tuge gyauro da tsiron da ya kamu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da ICRISAT, ta fitar da ire-iren da ke jure cutar, ciki har da SAMNUT 24 a 2011.

Masu matsar man gyada, da dillalai, da bankunan da ke ba da rancen noma, duk ribarsu ta rataya ne a kan irin da manomi ya shuka. Wanda zai zuba kuɗi a gyada ya kamata ya fara tambayar wane iri ne, kuma yaushe aka shuka shi.