Abin da Ke Cikin Batirin Mai Cajin Waya a Bonkuku

A watan Afrilu zafi a Filinge ta Nijar yana haura digiri 40, kuma ba mutane kaɗai yake gasawa ba. Batirin darma da ke ƙarƙashin teburin mai cajin waya yana tsufa da gudu, domin duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yakan cinye kusan rabin kwanansa. Shi ya sa a Bonkuku, babban garin Imanan, da ƙauyukan Kurfey, wanda ya sayar da dankalin turawa ya samu rara yake sa ido a kan batirin litiyam.

Wutar gwamnati ba ta kai ko'ina ba, inda ta kai ma ba ta zama. Da Najeriya ta yanke layinta a Agustan 2023, Nijar ta rasa kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta, farantin sola ya ƙara kasuwa. Farashin batirin litiyam a duniya kuwa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tun daga 2010.

Amma asirin yana cikin batirin. Ɓangarensa ɗaya girafait ne, baƙin nan na cikin fensir, wanda shimfiɗu ne na kabon a jibge kamar tabarmin ɗan kasuwa. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam sai su kutsa tsakanin shimfiɗun, ɗaya ga kowane kabon shida, idan an kunna fitila su fito. A kan wannan dabara kamfanin Sony ya fitar da batirinsa a 1991. A 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov na jami'ar Mancesta suka ɓare shimfiɗa guda tak da salatif, ita ce girafin. A 2011 jami'ar Drexel ta Amurka ta zo da wani dangin, MXene. Hangen masana shi ne, in shimfiɗa ta yi siriri, tafiyar ƙwaya ta gajarta, caji ya yi sauri.

Sai dai aiki ya fi magana wuya. Siraran shimfiɗun suna sake mannewa da juna, faɗinsu yana shanye ruwan batiri tun cajin farko, haɗa MXene kuma yakan buƙaci asid mai haɗari. Har yanzu akasarinsu suna ɗakin bincike, girafin ɗin ma barbaɗa shi ake yi.

Inda za su iya yin rana shi ne batirin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri da kanwar da ake dafawa a kwarin Dallol Boso. Sodiyam ba ya zama lafiya a cikin girafait, don haka ake neman shimfiɗu masu yalwar tazara. Kamfanin CATL na Sin ya nuna nasa batirin sodiyam a 2021. Kada dai masu kanwa su fara lissafi: masana'anta tana da tatacciyar sodarta mai araha.

Sauyin daga darma zuwa litiyam yana da tasa tsadar. Batirin darma in ya mutu akwai mai saye, a narka a sake. Na litiyam ba a ƙara masa ruwa, mai gyaran rediyo ba ya iya farfaɗo da shi, kuma in tsofaffin ƙananan batura aka cusa a sabon kwali, mai saye ba zai gane ba sai ya kumbura ko ya kama wuta a ɗakin kwano.