Sanin Ƙananan Kwaɗin Ƙasarmu

Idan damina ta sauka a ƙasar Hausa, fadamu da kududdufai suka cika, sai kwaɗi su fito da yawan da zai sa mai kallo ya ɗauka duka jinsi guda ne, alhali kuwa Allah Maɗaukaki Ya bambanta su a siffa da murya da ɗabi'a, ta yadda mai lura zai iya rarrabe su ba tare da wahala ba.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne yatsu, domin wanda ƙarshen yatsunsa ya yi faɗi mahayi ne. Daga cikinsu akwai Hyperolius nitidulus, ɗan ƙarami da bai wuce kimanin santimita 3 ba, wanda ƙananansa ke shafe rani a maƙale jikin ciyawa, fatarsu ta rikiɗa fara fat don ta mayar da zafin rana. Wanda kuwa aka gani da kumburarren jiki da ɗan tsinin hanci mai tauri, Hemisus ne, mai haƙa rami da kansa, macen kuma tana tsaron ƙwanta a ƙarƙashin ƙasa. Mai jan baya da baƙin gefe shi ne Phrynomantis microps, wanda hikimar Ubangiji ta sanya wa fatarsa wani sinadari da ke hana tururuwa masu harbi cutar da shi, har yakan fake a gidansu.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ka kalle su da natsuwa, ka kuma hana yara jifansu, domin suna rage mana ƙwari a gona da gida.