Sayen fiyano daga waje: Abin da farashin kanti ba ya nunawa

A garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum na yammacin jihar Zamfara, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, da wuya a yau a ji sabuwar waƙar biki ko ta siyasa wadda ba da na'urar kiɗa ta lantarki aka haɗa ta ba, wato wadda jama'a ke kira fiyano.

Zamfara dai ƙasar makaɗan fada ce. Daga nan ne Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka fito, kuma da kotso suka yi suna, ganga da ake sassaƙawa a kuma ɗaure ta da fata a gida. Fiyano kuwa daga ƙetare ake shigo da ita, akasari ƙirar kamfanonin Japan irin su Yamaha da Casio.

Na'urar ta samu gindin zama ne a Kano cikin shekarun 1990, lokacin da harkar finafinan bidiyo ta bunƙasa. Ɗakunan haɗa waƙa sun fara da ƙananan Casio, daga bisani suka koma ga samfurin PSR na Yamaha, wanda ke bai wa mutum guda damar fitar da sautin ganguna da sarewa da goge a lokaci ɗaya. Ko da yake malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin kiɗa, yanzu har wasu masu waƙoƙin bege na amfani da ita.

Ganin tsadarta a gida ya sa matasa da dama ke tunanin saƙo ta wurin ɗan uwa da ke Dubai ko Ingila ko Amurka, ko kuma yin oda ta intanet. Sai dai kuma farashin da aka liƙa a kanti somin-taɓi ne kawai.

Canji da kwastan

Abu na farko shi ne canjin kuɗi. Kafin Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, ana canza dala a hukumance a kan kimanin naira 460. A cikin 2024 ta haura naira 1,500, abin da ke nufin kuɗin na'ura ɗaya ya ninka fiye da sau uku, ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba.

Bayan haka akwai kuɗin dako. Fiyano ba ta da nauyi sosai, amma kwalinta dogo ne, su kuwa kamfanonin jigilar kaya ta jirgin sama kan yi lissafi da girman kwali idan ya zarce nauyinsa. In ta sauka Kano ko Legas, jami'an kwastan za su karɓi harajin shigo da kaya, ga kuma harajin VAT wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020.

Daga nan sai doguwar tafiya ta mota zuwa Gusau, a miƙa Anka, a wuce Ɗaki Takwas zuwa Gummi, a kan hanyar da matsalar 'yan bindiga ta sa direbobi ke taka-tsantsan.

Batun wuta

Wurin da aka fi tafka asara shi ne wutar lantarki. Ƙarfin wutar gida a Najeriya volt 230 ne, daidai da na Ingila da Dubai. A Amurka volt 120 ne, a Japan kuma 100.

Ita fiyano ba ta shan wutar bango kai tsaye. Adafta ce ke rage mata ƙarfin. Idan adaftar da ta zo da ita an ƙera ta ne don Amurka kaɗai, ranar da aka jona ta a Bukkuyum za ta ƙone, wani lokaci ma ta tafi da na'urar. Maganin abin bai wuce karanta rubutun da ke jikin adaftar ba: in an rubuta 100 zuwa 240, za ta yi aiki ko'ina.

Ko da an dace da wannan, wutar da ke hawa da sauka da ta ƙananan janareto na lalata irin waɗannan kayayyaki, don haka sai an haɗa da na'urar daidaita wuta. Ƙananan samfura kan yi aiki da batir, abin da mai zuwa bukukuwan ƙauye zai fi kowa sanin amfaninsa. Manyan kuwa ba sa yi.

Akwai kuma garanti. Galibi yana aiki ne a yankin da aka sayar da na'urar, ta yadda wadda aka saya a Landan in ta samu matsala a Anka, sai dai a nemi mai gyara a Kano ko Kaduna, a biya daga aljihu. A nan ne ɗan kasuwar Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas ya fi kantin waje: ko da ya ɗora riba, mai saye zai kunna, ya taɓa maɓallan 61 ɗaya bayan ɗaya, ya kuma san inda zai koma in an cuce shi.

Wane sauti ake nema?

Ba kowace fiyano ce ke ɗauke da sauti iri ɗaya ba. Yamaha na da jerin PSR-A da aka yi domin kasuwar Gabas ta Tsakiya, mai sautin kayan kiɗan Larabawa da Turkawa, kuma irinsa ne mai saye zai iya cin karo da shi a Dubai. Mai waƙar bege zai iya jin daɗinsa. Mai kiɗan rawar biki ba lallai ba ne.

Abin da na'urar ba ta iya yi, kowace iri ce, shi ne maganar kalangu. Makaɗi na matse tsirkiya a hammata ne yana sassautawa domin sautin ya bi hawa da saukar harshen Hausa, har ya kira sunan mutum da kirarinsa. Maɓalli kuwa sautin da aka ɗauka aka ajiye masa yake maimaitawa.

A halin da ake ciki ma, yawancin aikin ya koma kwamfuta. Masu haɗa kiɗa da manhajoji irin su FL Studio na buƙatar ƙaramin allon maɓallai ne kawai, wanda ba ya da lasifika, yana shan wuta daga kwamfutar ta wayar USB, kuma yana shiga jakar matafiyi.