Hutun Bazara a Ingila: Amfanin Fitar da Yara Waje

Maganar ilmin kimiyya ta wannan mako ta shafi iyayen yara ne, musamman Hausawan da zama ya kai su ƙasar Ingila, waɗanda 'ya'yansu ke tashi cikin wani yanayi dabam da wanda su iyayen suka tashi a ciki.

A Ingila a kan rufe makarantu wajen ƙarshen watan Yuli, ba a sake buɗewa sai farkon Satumba, watau kimanin mako 6 ke nan yara suna gida. Wannan shi ne hutun bazara. Amma bazarar Turawa ba irin ta ƙasar Hausa ba ce, gama tana zuwa ne daidai lokacin da damina ta kankama a Kano da Damagaram. Babban abin da ya bambanta ta da sauran shekara shi ne tsawon yini. A London, wajen 21 ga Yuni, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ya fi awa 16 da rabi, alhali kuwa a Kano yini mafi tsawo bai cika awa 13 ba. In hunturu ya shigo sai abin ya juya, yinin London ya kasa kai awa 8.

To, mako 6 ba abin wasa ba ne ga magidancin da ke zaune a ɗan gida mai ɗaki biyu a saman bene, ba tsakar gida, ba dandalin da yara za su taru, ba kaka ko gwaggo a kusa. Wuraren shaƙatawa na kuɗi kuwa, kafin a biya wa mutum biyar kuɗin jirgi da na shiga, aljihu ya ji jiki. Saboda haka abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa wa yaro waya, ko a kunna masa talabijin, kowa ya huta. Ga shi kuwa binciken likitoci ya nuna yawan zaman ɗaki yana yi wa yaro ɓarna a wuri biyu, idonsa da ƙashinsa, maganin kuwa yana nan bakin ƙofa, ba a biyan ko kwabo.

Bari a fara da ido. Ƙwayar idon jariri gajeriya ce daga gaba zuwa baya, tana ƙara tsawo a hankali yayin da ya ke girma. In tsawon ya tsaya daidai, hasken da ya shiga sai ya taru a kan wata 'yar siririyar fata da ke can bayan ido, mutum ya ga abu sarai. In kuwa tsawon ya wuce kima, ko da milimita ɗaya ne, sai hasken ya taru tun bai isa wurin ba, abin da ke kusa ya fito sosai, na nesa kuwa ya yi dishi-dishi. Irin wannan yaro ne ba ya iya karanta allo sai ya matso gaba. Tabarau yana gyara masa gani, amma ba ya rage tsawon da idon ya riga ya yi.

Da can an ɗauka gado da yawan karatu su kaɗai ne ke kawo wannan. Amma a shekarar 2008 wata masaniya mai suna Kathryn Rose, tare da abokan aikinta, suka gwada yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7, waɗansu a birnin Sydney na Ostareliya, waɗansu a Singafo. Suka tarar a Singafo yara 29 cikin 100 ba sa ganin nesa, a Sydney kuwa 3 kacal cikin 100. Abin mamaki, yaran Sydney har sun fi karanta littattafai. Inda aka sami bambanci shi ne su sukan yi kusan awa 14 a waje kowane mako, na Singafo kuwa awa 3.

Daga nan sai aka jarraba abin a makarantun birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Aka ƙara wa yaran waɗansu makarantu minti 40 na zama a waje kowace ranar karatu, aka bar waɗansu yadda su ke. Bayan shekara 3, a sakamakon da aka buga a 2015, yara 30 cikin 100 ne suka kamu a kashin farko, a na biyu kuwa kusan 40. Tun 2010 ma hukumar ilmi ta Taiwan ta nemi makarantu su riƙa fitar da yara minti 120 kullum, watau awa 2, aka kuwa ga yawan masu raunin gani ya fara raguwa bayan ya yi shekaru yana ƙaruwa.

Mene ne asirin? Masana sun fi karkata ga cewa ƙarfin haske ne. Ma'aunin da a ke auna haske da shi sunansa laks. Ɗakin da aka kunna wa fitila da wuya ya wuce laks 500, amma a waje, ran da gari ya yi haske, ko a gindin itace a kan sami dubbai, a tsakiyar rana kuwa har 100,000. Ana jin cewa hasken nan mai ƙarfi yana sa bayan ido ya fitar da wani sinadari mai suna dofamin, shi kuwa ya tsai da ido kada ya zarce da tsawo. Watau ba sai yaro ya yi gudu ko tsalle ba, ko zama ya yi a inuwa yana wasa da ƙasa ya amfana.

Sai maganar ƙashi. Jiki ba ya iya ɗaukar alli daga abinci ya gina ƙashi da shi sai da taimakon bitamin D, mafi yawansa kuwa fata ce ke yin sa in hasken rana ya taɓa ta. Yaron da ya rasa shi, ƙashinsa ya kan yi laushi, ƙafafunsa su lanƙwashe. Wannan cuta ta addabi biranen Ingila a zamanin da hayaƙin gawayi ya rufe sama. Tun 1890 wani likita, Theobald Palm, ya lura cewa ta fi yawa inda rana ta yi ƙaranci, a 1919 kuma Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Berlin da hasken wata fitila ta musamman.

A nan akwai abin da ya kamata Bahaushen Ingila ya riƙe. Daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar ba ta da ƙarfin da za ta sa fata ta yi bitamin D, sai daga wajen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba. Baƙar fata kuma ta fi fara bukatar daɗewa a rana kafin ta yi shi, gama launinta yana tare hasken. Gilashin taga ma yana tare shi, saboda haka zama bakin taga ba ya wadatarwa. Don haka ne hukumar lafiya ta Ingila ta ba da shawara a riƙa ba yara masu shekara 1 zuwa 4 maikirogiram 10 na bitamin D kullum, masu baƙar fata kuma su yi tunanin shan sa duk shekara. Fita waje ba ta soke wannan shawara, taimaka mata ta ke yi.

To, in an fita, me za a yi? Ga abu uku waɗanda ba sa cin kuɗi.

Na farko, sanda da inuwarta. A sami sanda mai tsawon mita ɗaya, a kafa ta tsaye a fili, yaro ya riƙa ajiye ɗan dutse a bakin inuwar duk bayan awa ɗaya. Zai ga inuwar tana gajarta tana juyawa, har ta kai iyakar gajartarta, sa'an nan ta fara tsawo. Da wannan ne malamai ke gane shigar azahar tun ba a san agogo ba. A London lokacin bazara hakan na faruwa ne wajen ƙarfe 1, ba 12 ba, gama an tura agogo gaba da awa ɗaya. In an yi dace da ranar 21 ga Agusta, sai a kira 'yan'uwa a Kano su ma su kafa tasu. Wajen ƙarfe 12 da rabi, in hadari bai rufe rana ba, sandar Kano za ta kusa rasa inuwa sam, gama rana tana bisa kai sosai, ta London kuwa ba za ta gaza santimita 80 ba ko a iyakar gajartarta. Yaro zai tambayi dalili, sai a gaya masa ai duniya ƙwallo ce. Da irin wannan bambanci na inuwa, tsakanin Iskandariya da Aswan na Masar, wani masani Eratosthenes ya lissafa girman duniya wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa.

Na biyu, ƙidayar malam-buɗe-littafi. Tun 2010 wata ƙungiya mai suna Butterfly Conservation ke roƙon jama'a, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, su zauna minti 15 a lambu ko wurin shan iska, su ƙirga waɗanda suka gani, su aika mata. Iri wajen 60 ne ke akwai a ƙasar, yaro ɗan shekara 5 yana iya koyon bambanta uku ko huɗu da launin fiffike. Aikin kuwa ba na banza ba ne: da lissafin jama'a ne ƙungiyar ta gane a 2024 cewa yawansu ya ragu ƙwarai, fiye da kowace shekara tun da aka fara ƙidayar.

Na uku, wake a kwalba. A jiƙa auduga ko takarda, a sa cikin kwalabe biyu tare da ƙwayar wake, a ajiye ɗaya bakin taga, ɗaya cikin kabad mai duhu. Cikin 'yan kwanaki duka za su tsiro. Na taga zai yi kore shar, ya karkata wajen haske, na duhu kuwa ya zuƙe ya yi fari fat, ya kasa tsayuwa. Charles Darwin da ɗansa Francis sun yi nazarin wannan karkata ta tsiro, suka buga abin da suka gano a 1880. Yaron da ya ga kwalaben nan biyu da idonsa ba ya bukatar dogon bayani a kan amfanin haske, gama gani ya kori ji.

Amma kowane magani da ƙa'idarsa. Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a barinsa a cikin rana. In zafi ya tsananta, daga ƙarfe 11 zuwa 3 a nemi inuwa, a sa wa yara hula, a riƙe gorar ruwa. Kada a raina zafin Ingila, gama ran 19 ga Yuli 2022 ya haura digiri 40. A kuma gargaɗi yaro kada ya kuskura ya ƙura wa rana ido. Ran da aka tashi da ruwan sama mai yawa, manyan gidajen tarihi na gwamnati a London kyauta a ke shiga tun 2001.

Filayen shan iska, irin su Burgess Park da ke kusa da Peckham, su ma ba a biyan kome. Abin da a ke bukata shi ne uba ko uwa su ware awa 2 kullum, ko da an raba safe da yamma, ko maƙwabta su riƙa karɓa-karɓa wajen rakiyar yara. Yinin bazara dogo ne, wanda ya taso daga aiki ƙarfe 6 ma zai tarar da sauran rana. Ido da ƙashi kuwa tun ana ƙuruciya su ke ginuwa, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

A nan maganar wannan mako ta ƙare. Allah ya raya zuriya, ya ba su lafiya. Sai wani mako, in Allah ya kai rai.